Ranar da Na Durƙusa Na Kasa Tashi

Tun ina ƙarama a Funtuwa aka koya mini cewa ba a gai da babba a tsaye, gwiwa biyu ake kai wa ƙasa. Haka na tashi, haka na yi aure a Malumfashi, haka kuma nake yi wa uwar mijina duk ranar da muka je Ƙarfi. Hajiya muke ce mata. Mahaifiyata ta rasu tun kafin aurena, don haka duk haihuwata uku Hajiya ce ta tattaro kayanta ta zo ta yi mini wankan jego, tana faɗa tana hura wuta. Ba ni da wata uwa a duniya sai ita.

Ciwon ya fara ne wata damina, bayan na yaye autata. Sai in tashi da safe kamar an kwana ana dukana da taɓarya. Yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi tafin ƙafa. Ko ɗankwali na ɗaura da ƙarfi sai fatar kaina ta yi tsami. A firamaren da nake koyarwa, sai in tsaya gaban allo da alli a hannu, abin da zan rubuta ya ɓace mini ɓat, yara suna kallona. Na yi gwajin jini, na yi na fitsari, an ɗauki hoto, duk aka ce ƙalau nake. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban rame ba, har ƴar ƙiba na yi. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce iska. Wata maƙwabciyata, Allah ya yafe mata don ni har yau da sauran haushinta a raina, ta ce son jiki ne kawai.

Sai a Zariya wata likita ta zaunar da ni, ta saurare ni har na gama, ta daddanna wasu wurare a jikina na kusa yin ihu. Ta ce sunan ciwon faibromayaljiya. Na ce ta maimaita, ta maimaita, na ce to Allah ya kyauta, sunan ma kaɗai ya isa ya gajiyar da mutum. Ta yi dariya ta ce ba ya kisa, amma kuma ba ya tafiya gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi. Wallahi daɗi na ji. Ashe dai ba hauka nake ba.

Na dawo gida na shiga lallaɓawa. Wankin da nake yi rana ɗaya na raba shi kwana uku. Na sa aka ɗaga mini murhu a kan bulo don in daina sunkuyo. Turmi kuwa na sallame shi, masara ta koma inji. Kullum da sassafe kafin makaranta nakan taka a hankali zuwa bakin gonakin bayan unguwarmu in dawo, in gasa jikina da ruwan ɗumi, in sha ƙwayoyina. Sauƙi ya fara samuwa.

Hajiya kaɗai na kasa faɗa wa. Yaya za a yi in zauna gaban suruka in fara lissafa mata ƙuguna da cinyata? Maigidan kuma ba zai iya buɗe baki gaban mahaifiyarsa ya yi maganar jikin matarsa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Abin da ta sani kawai shi ne ina ɗan fama da jiki.

Da kaka muka je Ƙarfi. Tsakar gida cike da masara an baje, matan gidan sun zagaye ta suna ɓarewa, Hajiya tana kan tabarma a gindin bishiyar bedi. Na je na zube gwiwa biyu na gaishe ta. Da muka gama gaisawa na yunƙura, ƙuguna ya ce bai san zancen ba. Na sake yunƙurawa, wani abu ya tsarga mini tun daga baya har wuya.

Hajiya ta ce, "Tashi mana ki hau tabarma."

Na ce, "A'a Hajiya, nan ma ya yi."

Haka na zauna a kan gwiwoyina, gumi yana bin bayana, matan gidan kuwa sai yaba ni suke. Wata har tana ce wa ƴarta ta dubi yadda ake ladabi, ga malama guda da iliminta amma ta ƙi tashi gaban surukarta. Ni kuwa a zuciyata cewa nake, baiwar Allah, da za ki miƙo mini hannu da ya fi mini wannan yabon. Sai da aka kira azahar kowa ta watse, na rarrafa na kama jikin bedin na miƙe. Kwana huɗu na yi a kwance bayan nan.

Daga ranar tsoron Ƙarfi ya kama ni. In maigidan zai je sai in ƙirƙiro uzuri. Sau biyu da na daure na je, a tsaye na ɗan rusuna na gaishe ta, ta amsa a gajarce tana kallon gefe. Ba a jima ba magana ta iso ni, wai Hajiya ta ce ba ta san laifin da ta yi mini ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka sosai, don na ga ina shirin rasa uwa ta biyu alhali tana raye, kuma duk da haka bakina ya ƙi buɗuwa.

Wata Laraba da la'asar, ba aike ba sanarwa, Hajiya ta hau mota ta zo Malumfashi. Ni ban ji sallamarta ba, ina ɗaki ina salla a kan farar kujerar roba, don na daɗe da daina iya sujada a ƙasa. Ina sallamewa na gan ta tsaye bakin ƙofa da ƙullin gyaɗa a hannu. Na zabura zan zamo ƙasa.

Ta ce, "Zauna inda kike. Tun yaushe kike salla a zaune?"

Na ce, "Ya kai shekara, Hajiya."

"Ranar masara fa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Kasa tashi na yi."

Ta waiwaya waje har na ɗauka fita za ta yi. Can ta ajiye ƙullin ta ce, "Wanda ya halicce ki ya karɓi taki a kan kujera, sai ni ce zan ce lallai sai kin durƙusa? Ke dai an yi sakarar yarinya." Daga nan ta dasa faɗa, ta yi mini, ta yi wa ɗanta da ba ya nan, ta haɗa har da matan gidanta da suka zauna suna yabo kamar ba su da idanu. Ni kuwa ina hawaye ina dariya, don faɗan nan shi na yi kewa.

Ba ta tsaya nan ba. Ta fita ta ɗora ruwa da kanta, ta kawo man kaɗanya, ta ce in juya mata baya. Hannun Hajiya hannun noma ne, tana danna kafaɗata na ga taurari. Na cije leɓe zan daure kamar yadda na saba, sai na ji na gaji da daurewar.

Na ce, "Hajiya, da zafi. A hankali."

Ta tsaya cak. Sannan ta sassauta hannun, ta shafa da tafinta kawai.

Ta ce, "Haka?"

Na ce, "Haka."

Ta ci gaba da shafawa, tana tambayata ina ne kuma yake ciwo, ni kuma ina nuna mata.