Jirgin da Ba Shi da Birki

An sayar wa bawan Allahn nan jirgin ruwa, ba a gaya masa jirgi ba shi da birki ba.

Ga shi can tsakiyar kogin Saône a birnin Lyon na Faransa, dogo, furfura ta fara cin gemunsa, ya ɗora rigar ceto a kan babbar riga mai sitaci. Daga yadda ya rungumi sitiyari ka san direban babbar mota ne. Wataƙila ɗan Damagaram ne, inda ruwa a tulu yake zama. Wataƙila yaransa ne suka ishe shi, don duk Agusta 'yan ajinsu na tafiya hutu, su suna zaune a bene a unguwar Vénissieux.

Duk sanda ya nufo gaɓa sai ruwa ya wuce da shi. Ƙafarsa ta dama sai taka katako take yi, tana neman abin da babu.

Matarsa na gaba riƙe da igiya, tukunyar shinkafa tsakanin ƙafafunta.

"Malam, ka tsaya mana!"

"Tsayawar nake nema, Sahadatu!"

Yaran da ke cikin jirgin sun daina ɗaga wa mutane hannu. Ƙaramar ta zuba wa ubanta ido, shi kuwa ya ƙi kallonta. Masu yawo a kan gada hoto kawai suke ɗauka.

Wanda ya damƙa masa makullin jirgin nan ya juya ya tafi, don Allah ya fito! Ya zo ya nuna masa yadda ake tsayar da abin nan, tun yarinyar ba ta gane ubanta bai iya ba.