Facin da Malam Saura-Kaɗan Ya Ɗauko a Kan Tsamiya

Idan ka shiga Sabon Birni kana cigiyar Muzammilu, sai an tsaya tambayar ka wane daga ciki. Amma ka ce Malam Saura-Kaɗan, ko baƙon da ya kwana biyu a gari zai nuna maka ƙofar gidansa. Sunan ya manne masa ne tun wata la'asar sakaliya da ya shigo gari a kan keke, ƙafar dama da takalmi, ta hagu Allah ya ba mu lafiya, fuska ta kumbura kamar fanke, ido ɗaya ya rufe ruf. Da ya zo daidai teburin Yari mai shayi sai ya ɗaga hannu zai yi sallama, don shi mutum ne mai ladabi. Keken ya ga an sake shi, ya kwashe shi ya zuba a kan tulin burodi. Jama'a suka taso suna salati. Shi kuwa yana kwance, hannu dafe da aljihun gaba, abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Wayar dai ba ta hwashe ba ko?"

A Isa aka haife shi, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Kamaluddeen, da hannu yake rubuta Alƙur'ani, kuma yana da ƙa'ida guda wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: takardar da ba a yi wa muƙabala ba, ba ta shiga gafaka. Muƙabala kuwa ita ce mutum biyu su zauna, ɗaya yana karanta sabon rubutu da ƙarfi, ɗaya yana bin na asali da yatsa, harafi bayan harafi. Muzammilu ya yi shekara tara yana wannan aiki kafin ya tafi Sakkwato karatun kwamfuta. Hannunsa bai gaji rubutu mai kyau ba, in ya yi layi sai ka ce kaza ta bi ta kan tawada. Taurin kan muƙabalar dai ya gada tsaf.

A Sakkwato ya haɗu da wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta wadda ba ta da mai ita. Mutane ne daga ƙasa-ƙasa suke rubuta ta a buɗe, kowa na iya dubawa, kuma in an gano ɓaraka sai su ɗinka faci su watsa kyauta. Muzammilu ya ce wannan ai waƙafi ne, ya riƙe ta hannu biyu. Da ya dawo gida ya yi aure, ita ya ɗora wa tsohuwar kwamfutar wani ƙaramin asibitin sa-kai da ke bakin garin Sabon Birni, inda ya samu aikin kula da rajista. Duk Alhamis yana sauko da sababbin faci, ya karanta bayanin kowanne kafin ya ɗora. Sista Naja'atu, shugabar asibitin, takan ce da yana kula da rigarsa kamar yadda yake kula da na'urar nan, da ya fi kowa kyau a Gobir.

Sai shekarar da aka rufe layukan waya saboda 'yan bindiga, aka kuma hana hawa babur. Alhamis ta zo ta wuce har sau biyar, ba faci. Ana nan wani direba ya kawo masa wasiƙa daga Maijidda, wadda suka yi karatu tare, tana aiki a Sakkwato. Ta ce an gano wata ɓaraka babba: duk mai ƙaramin makullin shiga na'ura, in ya san layi uku na rubutu, zai zama mai gida ya buɗe kowane ɗaki. Labarin ya riga ya bazu. Facin ya fito, har da wani mai hana na'ura sandarewa in wutar sola ta yi ƙasa. A ƙarshen takardar ta kwafo masa lambar shaidar facin da hannu, harafi da lamba sittin da huɗu, don ya tabbatar abin da zai sauko da shi na gaskiya ne kuma cikakke.

Ya karanta sau biyu. Mutum bakwai ke shiga na'urar da ƙaramin makulli. A ɗakin ciki, wanda shi da Sista kaɗai ke buɗewa, akwai sunan mutum talatin da ɗaya daga ƙauyukan yankin Gatawa da aka yi wa jinyar harbi. Mutane ne da suka tsaya suka kare garuruwansu, an rubuta gidan da kowanne ya fake da iyalinsa, don a riƙa kai musu magani. A lokacin kowa ya san akwai masu kai rahoto daji, babu wanda ya san fuskarsu. Kana iya cin tuwo da mutum yau, jibi a ce shi ne.

Ya zare wayoyin na'urar ya kulle ta a akwatin ƙarfe. Kwana uku Sista Naja'atu ta daure, a na huɗu ta tsare shi a ƙofa.

"Malam Muzammilu, jiya anka kawo wata mata jini ya ƙare mata. Rukunin jininta na cikin akwatinka. Sai da munka sake gwaji tana numfashi sama-sama. Ko ka gyara abin ga, ko ka buɗe shi haka nan."

"Sista, in na buɗe haka nan, tamkar na manna sunayen ga ƙofar kasuwa na."

"To ka gyara."

"Da wane layi?"

"Wannan kuma kai da Ubangijinka."

Washegari bayan asuba ya hau keke ya nufi wajen Burkusuma, inda layin Nijar kan tsallako iyaka. Bai ɗauki kwamfutar ba, don in an tare shi da ita ya kai musu da hannunsa ke nan. Waya kawai ya ɗauka da wasiƙar. Ya bar keken a rugar Hussaini, makiyayi, tsaransa, wanda suka yi karatun allo tare a zauren Malam Kamaluddeen. Makiyaya sun san kowace bishiya da ke kama rezo, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran layi, yadda suka san kowace rijiya. Hussaini ya ba shi aron layinsa na can, ya kai shi gindin wata tsohuwar tsamiya a tsakiyar gonakin gero.

"Ƙasa tana isa kira, Modibbo. Amma in abu mai nauyi kaka so, sai reshe na ukku. Ka iya hawa, ko in ɗora ka kamar buhu?"

Akwai mutum goma sha wani abu a gindin, kowa na ihu cikin waya yana gaya wa dangi yana raye. Muzammilu ya tuɓe takalma, ya miƙa wa Hussaini wasiƙar, ya hau da ƙyar da addu'a. Minti arba'in da biyar yana riƙe da waya sama kamar mai roƙon ruwa, har facin ya gama sauka.

"Ya ƙare? Sauko mu tahi."

"Sai mun yi muƙabala. Ka iya baƙin boko, buɗe takardar ka bi da yatsa."

"Modibbo, nan ba zauren Malam ba na. Daji na."

Amma ya buɗe. Muzammilu ya sa wayar ta fitar da lambar abin da ya sauko, ya fara karantowa daga sama. Tun daga harafin farko suka raba hanya da takardar. Ko layi ne ya yanke ya ɓata wani yanki, ko wani ne ya sa hannu a hanya, babu yadda zai sani. Ya goge ya soma daga farko. Hussaini ya faɗi wata magana da Fulatanci wadda ba za a rubuta ta a nan ba.

An kai kashi saba'in cikin ɗari sa'ad da wata tsohuwa ta sauke waya daga kunne ta ce, "Ku yi shiru." Daga gabas ƙara ke tasowa, siririya, tana kauri. A kwanakin da aka hana babur, mutum iri ɗaya ne ke hawansa a daji. Kafin ka ce kwabo gindin tsamiya ya watse, sai karan gero ke motsi.

"Modibbo! Diro!"

"Saura kaɗan."

"Saura ranka, don Allah ka diro!"

"In na sauko ya yanke. Saura kaɗan, Hussaini, tahi!"

Waɗanda suka kwanta a gero sun ji wannan da kunnensu, su ne kuma suka kawo shi gari. Hussaini ya dubi sama, ya dubi gabas, ya sunkuya ya kwashe takalman da ke gindin bishiya, waɗanda da an gan su an san akwai mutum a sama, ya faɗa gona.

Muzammilu ya kashe sautin waya, ya ja jiki zuwa inda ganye ya fi duhu. A nan ya zauna daram a kan gidan cinnaka.

Babur shida suka tsaya, mutum biyu-biyu, bindigogi rataye. Ba wucewa suke ba. Su ma rezo suka zo nema. Ta tsakanin ganye yana ganin saman rawunansu, yana jin warin fetur da taba. Cinnaka suka shiga ta ƙafar wando, suka bi ta wuyan riga, wata ta sami fatar ido ta kafa baki. Ya cije hannun rigarsa. Hawaye na zuba, yana tare su da kafaɗa kada su ɗiga ƙasa. Hannunsa na dama na sama da waya, ya yi sanyi kamar ba nasa ba. Tamanin da ɗaya. Tamanin da biyu. Ya tuna Sa'adiya matarsa, wadda ya ce wa zai je garin Isa ne gaida tsohuwarsa.

Ɗaya daga cikinsu ya yi tsaki. "Hoton ga ya ƙi tahiya."

"Hau sama mana, can ya fi ƙarfi."

Mutumin ya jingine bindiga, ya dafa kututture, ya ɗora ƙafa a kan kumburin farko. Muzammilu na ganin yatsunsa, da zobe na azurfa. Ya yi kalmar shahada a zuci.

"Kai, bari," in ji wani daga kan babur. "Iccen ga cinnaka ag gare shi. Wancan mako sai da na tuɓe wando a nan."

Suka fashe da dariya. Mai zobe ya sauke ƙafa, ya koma yana ɗaga waya yana zagin layi. Sun yi kamar minti ashirin. Facin ya gama sauka tun suna nan, Muzammilu bai ko iya sauke hannu ba sai da ƙarar ta ɓace yamma.

Can Hussaini ya fito daga gero da rarrafe, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan ya salwanta a gudu.

"Kana da rai?"

"Takardar na wurinka?"

"La'ilaha illallahu."

"In bai yi daidai ba, dole in sake. Gara in sani ina bisa."

Haka suka yi ta, ɗaya a sama da ido ɗaya, ɗaya a ƙasa yana bin takarda da yatsa, suna magana ƙasa-ƙasa. Bakwai. Bakwai. E. E. Sifiri. Sifiri. Har sittin da huɗu, ba inda suka saɓa. Sannan ya sauko, ko in ce ya zubo.

Da safe ya fito da kwamfutar daga akwati, ya ɗora facin, ya gwada layukan nan uku da kansa ta ƙaramin makulli, na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Sista Naja'atu ta shafa masa magani a fuska tana faɗa, wai da ta san haka zai yi da ita ta kulle shi a akwatin. Bayan kwana tara, yana duba littafin da na'ura ke rubuta duk abin da aka yi mata, ya ga ran Juma'a da azahar, lokacin da asibiti ya yi shiru, wani ya shiga da makullin da ma'aikata ke yin tarayya a kansa, ya buga layukan nan har sau huɗu. Sau huɗu ƙofa ta ƙi buɗuwa. Har yau ba su san ko wane ne ba. Suka sauya makullai, kowa da nasa, suka ci gaba da gaisawa da kowa kamar da.

Yanzu layi ya dawo, faci na iske shi yana zaune a kujera. Furfura ta fara masa, yana nan yana karanta bayanin kowanne duk Alhamis, leɓe na motsi. In ya biya ta teburin shayi kuwa ba ya tsira. Kwanan baya Yari ya ajiye masa kofi, ya ɗaga murya don majalisa ta ji.

"Malam Saura-Kaɗan, tsakaninka da Allah, ran nan da sun ɗaga kai hwa? Mutum da hankalinai ya zamna bisa icce saboda abin da ko gani ba a yi?"

Muzammilu ya hura shayi, ya kurɓa.

"Yari, cikin akwatin can mutum talatin da ɗaya na, da matansu da ɗiyansu. Bisa icce kuwa, da sun ɗaga kai, mutum guda za su samu. Shi ma cinnaka ta riga ta cinye rabi."