Ranar da na zubar da maganin ƙanena

Ni majemi ne a Birni, ban yi lakwal ba, wato karatun boko. A lokacin ni ne babba a gida, abin da na faɗa ya zauna.

Ƙanena, da muke jima tare, ya canja bayan rasuwar matarsa. Ba ya ci, ba ya fira, yakan wuni a zaure yana cewa gabansa faɗuwa yake, bai san dalili ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Ƙarshe ƙanwarmu ta kai shi asibiti wurin lokotoro. Aka ce ciwon damuwa ne da fargaba, aka rubuta masa ƙwaya ɗaya kowace safiya, aka ce sai ta yi makonni kafin a ga aikinta, kuma kada ya bari sai da izinin lokotoro. Wata biyu ya dawo majema. Har tsokanata yake, wai tsufa ya sa fata ta fi ƙarfina.

Sai na ji abokan aiki suna raɗa, wai ɗan gidanmu ya zama ɗan ƙwaya, kamar masu shan taramol a tasha. Raina ya ɓaci. Na ce ai ya warke, kuma mai lafiya ba ya shan magani. Na karɓe kwalin a gabansa na jefa cikin ramin jima. Bai yi mini gardama ba, ba a haka aka rene mu ba. Ya dai ce lokotoro ya hana a tsaya. Na ce lokotoro ba ubansa ba ne.

Kwana kaɗan jiri ya kama shi, daga baya zaman zaure ya dawo. Na gani, girman kai ya hana ni zuwa farmasi in sayo masa wani maganin. Wata Alhamis da hantsi ya ce za shi garin Dogo gaida gwaggonmu. Bai isa ba. Jandarma sun nema, mun nema. Shekara huɗu ke nan.

Har yau in na hangi mai tafiya irin tasa a lungu sai na bi shi, in leƙa fuskarsa, in ba da haƙuri.

Jama'a, damuwa ciwo ce, kuma tana da magani. In naku yana sha, ku bar shi da lokotoronsa. Masu raɗar nan duk sun manta. Ni ne nake share masa ɗaki.