Zikirin Baba

A shekarun da ciwon mantuwa ya kama Baba, abu ɗaya ne ya riƙe Mama. Mutumin da ya yi ritaya yana shugabantar sashe guda a ma'aikata, sai ga shi yana tambayar matarsa ko ita ce baƙuwar da aka ce za ta zo. Amma bayan la'asar, a gindin mangwaron gidanmu na Unguwar Rimi, yakan yi tsit, ido a kafe, leɓe na motsi, babban yatsa na murza 'yan'uwansa. Nan take Mama za ta kashe rediyo, ta harari duk wanda ya yi tari.

"Ya manta ni," in ji ta, "amma bai manta Ubangijinsa ba."

Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da bin diddigi. Na lura in ya gama zikirin sai barci ya kwashe shi kamar wanda ya wuni a gona, wani lokacin ma wandonsa a jiƙe. Na ɗauki bidiyonsa a waya na kai wa likitarsa. Ta kalla, ta sake kallo, ta ce tana zargin farfaɗiya. Na ce ai bai taɓa faɗuwa ba. Ta ce akwai mai zuwa shiru, kuma takan bi masu irin ciwonsa. Za a auna ƙwaƙwalwarsa, a kuma ɗebi ruwan ƙashin bayansa, don a ga irin mantuwar da abin da ke tare da ita.

"Ruwa a bayan mutum?" in ji Mama. "Rijiya ce?"

Da ƙyar ta yarda. Aka kwantar da shi a gefe, ya naɗe ƙafafu, ita tana riƙe da kansa. Ruwan ya ɗigo garau, kamar na randa.

Zargin likita ya tabbata, aka ɗora shi a kan magani. Baba ya ɗan wartsake, ya koma cin tuwonsa da kansa, leɓen kuma ya daina motsi.  Kullum dai bayan la'asar Mama takan kashe rediyo ta zauna jira. Wallahi tausayinta ya hana ni sakat, don na san abin da na raba ta da shi.

Wata ranar Juma'a sai ta jawo kujerar tsugunno kusa da shi, ta kama hannunsa, ta ɗora babban yatsansa a kan gaɓa, ta ce, "Subhanallah." Ta matsa gaɓa ta gaba, ta maimaita. Can sai muka ji muryarsa tana bin tata, a shaƙe, amma kowane harafi a wurinsa.

Da suka kai ƙarshe ya dube ta cikin girmamawa.

"Baiwar Allah, a ina kika yi karatu?"

"A wurinka, Alhaji," in ji Mama.