Ranar da Na Hana Tankar Surukina Wucewa

Ko tsufa zai goge mini komai a kai, wata ranar Talata a Khumra ba za ta gogu ba. A lokacin ina aiki a wani ɗakin gwajin mai da ke tsakanin rumbunan kaya a kudancin Jidda. Aikina shi ne in hau kan tanka, in ɗebi dizal a kwalba, in kai wa malamin gwaji, wani Basudane mai fara'a. In sakamako ya yi kyau, ni ne mai buga hatimi.

Akwai wani kamfani da ke haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa, can nesa da gari. Dokarsu mai tsauri ce: duk dizal ɗin da zai shiga injinan cikin rami sai an auna farar wutar da ke cikinsa. In ta yi yawa, hayaƙinta ba shi da mafita a rami sai ƙirjin ma'aikata.

Da hantsi sai ga wata tanka ta tsaya, ɗauke da dizal ɗin da za a kai wa kamfanin nan. Ina ganin direban na gane shi. Wani dattijo ne na unguwar Mahjar, mahaifin yarinyar da nake nema, kuma saura kwana uku kawunnaina su je gaisuwa gidansa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Tashi, ya waladi, tashi ɗana," ya ce yana dariya. "Yalla, ɗebi abinka. Shekara ashirin ina jan mai, da hancina nake gane mai kyau."

Na haye da rawar jiki, har takalmina ɗaya ya faɗo. Na ɗebo, na kai ciki, na dawo na haɗa wa dattijon shayi. Muna cikin hira malamin gwaji ya leƙo ya yafito ni. Farar wutar ta haura ƙa'ida, ba kaɗan ba.

Na roƙe shi ya sake. Na sake hawa, na ɗebo daga sama, na ɗebo daga ƙasa. Sakamako bai canza ba. Malamin ya dafa kafaɗata ya ce, "Hatimi yana hannunka, suruki kuma naka ne. Ni zan tafi alwala."

Yau in na tuna sai in yi dariya, amma a ranar gumin da na yi ya fi na zafin Jidda. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini cewa tanka ɗaya ce, wa zai sani? Sai kuma na hango mutanen da ban taɓa gani ba, suna can cikin rami suna shaƙar abin da na sa wa hannu.

Na fita na tsaya a gabansa, kaina a ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri. Man nan ba zai wuce ba."

Ya ajiye kofin shayi. "Me ka ce?"

"Farar wuta ta yi yawa, Baba. Ba zan iya bugawa ba."

"Kai ne ba za ka iya ba, ko injin ne?"

"Mu biyun, Baba."

Ya tashi ya zagaya tankar yana ƙwanƙwasa cikinta. Can sai ya tsaya, ya dafe kai. Ashe jiya ya kai wa masu gonaki dizal na injin ban ruwa, wanda ba a tsananta masa awo, kuma kafilinsa, wato ubangidansa, ya hanzarta shi ya yi sabon lodi ba a wanke tanki ba. Ragowar ce ta gauraya.

Ya zauna a kan benci ya ce, "Ka san kafin in zo aikin hajji na yi shekara uku a ramin kwal a Najeriya? Na san yadda mutum ke neman numfashi ya rasa. Halas, shi ke nan." Ya hau motarsa ya juya, ko sallama bai yi mini ba.

Kwana ukun nan abinci bai yi mini daɗi ba. Mahaifiyata a unguwar Sharafiyya ta ce, "Duk tankokin duniya, sai tasa ka ga damar tarewa?"

Ranar Juma'a kawunnaina suka dawo suna ƙyalƙyata dariya. Wai ko zama ba su gama yi ba dattijon ya ce musu, "Yaronku ya sa na yini ina wankin tanki. Na ba shi. Wanda bai sayar da numfashin baƙi don ya faranta mini ba, ba zai ci amanar 'yata ba. Amma ku gaya masa shayinsa ba shi da daɗi."

Yanzu 'ya'yanmu biyar. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kunyar ido takan sa mutum ya cuci wanda ba ya gani don ya faranta wa wanda ke gabansa. Kuma mutumin kirki, ko ya ji zafin gaskiya a lokacin, daga baya mai faɗa masa ita yake riƙewa.