Igiyar Yaya Jafaru

Malam Uzairu ya koyi nutso a Yawuri, da numfashi ɗaya da igiya a ƙugu. Idan taru ya sarƙe a ƙasan kogi shi ake turawa, wansa Jafaru yana cikin kwalekwale riƙe da igiyar. Da zarar Uzairu ya fizge ta, sai a jawo shi sama.

Yanzu a ƙasar waje yake, a garin Greensboro, yana tsamo ƙwallayen golf daga tafkunan filayen wasan da ke wajen unguwar Sedgefield, da babbar tukunyar iska a bayansa, ba mai riƙe masa komai. Ranar da matarsa Nasiba ta sayo masa 'yar ƙaramar tukunya ta ko-ta-kwana, dariya ya yi.

"Hajiya, wannan ai filas ɗin shayi ne."

"Ka ɗaura dai, Baban Amal. Nan ba Yawuri ba ne."

Ya ɗaura ta a ƙugu don a zauna lafiya.

Wata rana yana can cikin laka, inda ko tafin hannunsa ba ya gani, saiwa ta riƙe masa ƙafa, babbar tukunyar kuma ta daina ba shi iska. Sam bai tuna da ƙaramar ba. Hannunsa ne ya tafi ƙugu neman igiya, kamar yadda ya saba tun yana yaro, sai ya ci karo da 'yar tukunyar. Ya shaƙa, ya zare ƙafar, ya fito.

Jafaru ya daɗe da rasuwa. Amma har yau, kafin Malam Uzairu ya shiga ruwa, yakan dafa 'yar tukunyar ya ce, "Yaya, riƙe da kyau."