Inci Ɗaya da Irin Malam Ɗanjuma

Har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da Sada ya miƙe a aji ya ce, “Malam, Baba ya shuka.” Na ji daɗi a lokacin, har na sa 'yan aji suka tafa mashi. Ku da kuka shigo aikin koyarwa bayanmu, ku saurara ku ji abin da muka tafa wa.

A lokacin ina malami mai daraja ta uku, ina riƙe da aji bakwai a wata firamare ta ƙauye a ƙasar Faskari, tsakanin Sheme da Yankara. Aji bakwai shi ne na ƙarshe, daga shi sai jarrabawar shiga sakandare. Malamin aji ke zaɓen waɗanda za su zauna mata, hedimasta ya sa hannu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekarun ne da kuɗin man fetur suka fara isowa har ƙauye. Aka aiko mana da kaya uku: rediyo, da ƙwallon taswirar duniya, da ma'aunin ruwan sama. Ma'aunin gwangwani ne mai mazurari a baki, da kwalba mai zane-zanen inci a ciki. Na kafa shi a tsakiyar fili, nesa da itace, kamar yadda littafin jagora ya ce. Na kuma tsara darasin Litinin kashi uku. Na farko, mu saurari labarai. Na biyu, in ɗauki labari guda in bayyana shi da ilimin ƙasa da sararin sama. Na uku, kowa ya kai darasin gida ya rubuto abin da mahaifinsa ya ce.

Labarin shekarar kuwa fari ne. Rediyo kullum zancensa ke nan, mu ma muna ganin mutanen arewa suna wucewa da ragowar shanunsu. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbuna da yawa sun yi ƙasa tun kafin bazara. Na haska ƙwallon da tocila, na nuna wa yara yadda rana ke hawowa ta tsaya bisa kanmu, iskar teku ta biyo ta da ruwa. Na karanta masu daga littafin jagora cewa in ruwa ya kai inci ɗaya, ya isa shuka.

Wata Alhamis a cikin watan Afrilu, bayan la'asar, aka yi ruwa mai ƙarfi. Da safe muka auna, ya haura inci ɗaya. Na ce kowa ya je ya shaida wa mahaifinsa ruwan shuka ya sauka.

Sada shi ne na ɗaya a ajin, yaro mai tsabtar rubutu, ba ya ƙara kome a kan abin da aka faɗa mashi. Ga abin da ya rubuto: “Baba ya haƙa gona da hannu. Laima ta tsaya a wuyan hannu, daga nan ƙasa busasshiya ce. Ya ce kuma Kaza ba ta faɗi ba.” Kaza da 'ya'yanta su ne taurarin nan da ke cure wuri guda. Tsofaffin garin ba su amince wa ruwa muddin ana ganinta a yamma bayan magariba.

Na ja jan biro a kan shafin, na rubuta “Camfi”. Na yi mashi bulala uku, na ce ya zo da mahaifinsa.

Mahaifin nasa, Malam Ɗanjuma, ya zo washegari, dattijo ne siriri, ya tuɓe takalmansa a ƙofar aji ko da yake na girme wa ɗansa da shekara goma kawai. Na nuna mashi kwalbar, na nuna mashi littafin.

Ya ce, “Malam, wannan kwalba a sama take ko a ƙasa?”

Na ce a bisa ƙasa take.

Ya ce, “To, iri kau cikin ƙasa shika kwana.”

Yara suka yi dariya. Dariyar nan ce ta hasala ni. Na ce, “Malam Ɗanjuma, gwamnati ta kashe kuɗi ta kawo ilimi har ƙofar gidanka. Yaron da gidansu ke ƙaryata darasi, ban ga yadda zai yi nisa a karatu ba.”

Ya dubi Sada, ya dube ni. Ya ce, “Allah shi ba Malam haƙuri. An gode.” Ya sa takalmansa ya tafi. Ranar Lahadi ya ɗauki sungumi, shi da iyalinsa suka shuka gonar gaba ɗaya. Shi kaɗai ya shuka a garin. Masu wucewa suna yi mashi ba'a, suna cewa, “Ɗanjuma, yaushe ka shiga aji bakwai?”

Dawa ta tsiro cikin kwana biyar, layi-layi, gwanin sha'awa. Na kai aji duka bakin gonar na yi masu darasi a kanta. Daga nan sama ta ɗauke. Kowace safiya mai aunawa ya je ya dawo ya rubuta “babu” a allo. Mako na farko tsiron ya tsaya. Mako na biyu ganye ya nannaɗe. Kafin ƙarshen na uku, in ka taɓa shi sai ya marmashe a hannu.

Hedimasta, Malam Abdu, ya kira ni ofis. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, “Ran da ka auna, ka haƙa?”

Na ce littafin bai ce a haƙa ba.

Ya ce, “Ruwa mai ƙarfi a kan busasshiyar ƙasa, rabinsa rafi yake tafiya. Kwalbarka ba ta yi ƙarya ba. Abin da ya zubo ta faɗa maka, ba abin da ya shiga ba. Kai ba ɗan manomi ba ne?”

Ɗan manomi ne ni. Na san haka tun ina ƙarami. Na ajiye shi ne ran da aka ba ni alli.

Da ruwan gaske ya sauka, kowa ya fita shuka ban da Malam Ɗanjuma. Dami biyu na iri ya ɓoye daga yunwar bara, su ne ya zuba a ƙasa. Ranar kasuwar Yankara na hau keke na sayo dawa, na kai mashi gida. Ya shimfiɗa mani tabarma, ya ɗebi ƙwayar ya murza a tafin hannu.

Ya ce, “Wannan ta tuwo ce, Malam. Za mu shuka, tunda ka kawo. Amma waccan tun kakana ake zaɓen kanta a gonar nan. Ta san ƙasar.”

Na ce, “Kai da ka san ruwan bai isa ba, me ya sa ka shuka?”

Ya ce, “An ce mani kai ke rubuta sunayen masu jarrabawa.”

Ban taɓa niyyar cire sunan Sada ba, ko sau ɗaya. Amma na tuna abin da na faɗa a gaban aji, na ga babu wata fassara da uba zai yi mashi sai wannan. Shi ne ma ya raka ni har bakin hanya yana yi mani godiya.

Daminar ta ɗauke da wuri. Maƙwabta sun sami ɗan abin da suka samu, dawar kasuwa kuwa ba ta kai ga ƙosawa ba. Sada ya zauna jarrabawa. Bayan kaka, wata safiya na kira sunansa sau uku ba a amsa ba. Aka ce sun kwashe sun yi wajen Sabuwa, wurin wani ɗan'uwan mahaifiyarsa. Bayan mako shida takardarsa ta iso: ya ci, an ba shi gurbi a sakandare. Na je Sabuwa sau biyu da takardar a aljihu. Zuwan farko aka ce sun yi gaba neman aikin gona. Zuwa na biyu ban sami wanda ya san sunan ba.

Na yi shekara ashirin da shida ina koyarwa bayan wannan, kuma ban daina darasin Litinin ba. Tsarin aunawa kawai na sake. Na farko, a duba kwalba. Na biyu, a ɗauki fartanya a haƙa. Na uku, a tambayi dattijo, a rubuta abin da ya ce da baƙin biro, ba mai jan layi a kai.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, maganar malami a ƙauye ba ta tsayawa a aji. Kai kana ganin darasi kake yi, uban yaro kuwa yana auna abin da zai rasa in ya musa maka. In kuka ga dattijo ya yi shiru ya ce an gode, kada ku ɗauka kun gamsar da shi.

Takardar Sada tana cikin akwatina. Duk wanda aiki ya kai shi wajen Sabuwa, ya taimaka ya tambaya mani Sada ɗan Malam Ɗanjuma. Yanzu shi ma ya yi furfura.